Akwatin kulle waya na kSafe: ya dace da mai neman keɓewa, in an san tsawon lokacin da za a sa masa

kSafe mazubi ne na roba mai kusurwa huɗu, da murfi mai ɗan nauyi a hannu. A saman murfin akwai ƙaramin allo mai nuna lokaci, da maɓalli zagayayye da ake murɗawa. Za ka saka wayarka a ciki, ka rufe, ka murɗa maɓallin har tsawon lokacin da kake so ya bayyana a allon, sannan ka danna shi. Zai ƙirga daƙiƙa 5 ko za ka sake shawara. In ba ka taɓa shi ba, sai ka ji ƙarar ɗan inji, sakata ta fito daga gefen murfin ta kama bakin mazubin. Daga nan babu makulli, babu lambar sirri, babu wata dabarar buɗewa sai lokacin ya cika. Ana iya sa masa daga minti 1 har zuwa kwana 10. Batir biyu samfurin AA yake ci, kuma cire su ba ya buɗe shi: agogon tsayawa kawai yake yi, sakatar na nan a kulle, in ka mayar da batir ya ci gaba da ƙirga daga inda ya tsaya. Kana iya ƙara masa lokaci yana kulle, amma ba ka iya ragewa.

Asalin sunansa Kitchen Safe, domin David Krippendorf, wanda ya ƙirƙiro shi a Amurka, ya yi shi ne don ya hana kansa cin kayan zaƙi, aka kuma tara kuɗin fara ƙera shi ta Kickstarter, shafin intanet na tara gudummawar jama'a, a 2013. Daga baya mutane suka mayar da shi ma'ajiyar waya, kuma ta wannan fuskar ce zan auna shi: ko yana taimakon mutumin da ke son ya zauna shi kaɗai, shiru, na ɗan lokaci kowace rana, ya ci moriyar da masana halayyar ɗan Adam suka gano a irin wannan zama? Yana taimakawa sosai a gajeren lokaci, kamar minti 15 zuwa awa ɗaya. In aka ja lokacin ya yi tsawo, yakan lalata abin da aka saye shi dominsa. Dalilin hakan yana cikin binciken kansa, don haka sai an ɗan tsaya a kai.

Kafin nan, a bambance kalma biyu da mukan haɗa su a baki ɗaya. Kaɗaici shi ne zafin da mutum ke ji in hulɗar da yake da ita ba ta kai yadda ransa ke so ba, kuma yana iya kama mutum a tsakiyar taro. Keɓewa kuwa ita ce mutum ya janye jikinsa daga mu'amala da kowa na wani lokaci. Akwatin nan kayan aikin keɓewa ne kaɗai. Wanda kaɗaici ke cinsa, kulle masa waya ƙara masa ciwo ne, zan kuma dawo kan wannan.

Me ya sa ma mutum zai buƙaci akwati don ya zauna shiru? A 2014 Timothy Wilson na Jami'ar Virginia da abokan aikinsa sun wallafa jerin gwaje-gwaje 11 a mujallar Science. Sukan sa mutum a ɗaki shi kaɗai na minti 6 zuwa 15, babu waya, babu littafi, babu abin rubutu, a ce masa ya nishaɗantar da kansa da tunani. Da yawa ba su ji daɗin zaman ba. A wani gwajin an bar musu maɓallin da in sun danna, lantarki zai ja su. Tun kafin a fara an ɗanɗana musu jan, kuma waɗanda aka ƙirga su ne waɗanda suka ce za su biya kuɗi don kada a sake yi musu. Duk da haka, cikin minti 15, maza 12 daga cikin 18 da mata 6 daga cikin 24 sun danna maɓallin da hannunsu aƙalla sau ɗaya. Akwai wani mutum guda da ya danna sau 190, har aka cire shi daga lissafi. Wannan ɓangaren ne ya fi yawo a bakin mutane, amma wanda ya fi shafar mai sayen akwati shi ne gwajin da aka ce mutane su yi a gidajensu: kashi 32 cikin 100 sun amsa da bakinsu cewa sun karya doka, sun ɗauki waya ko sun kunna kiɗa ko sun tashi daga kujera. Wato kusan mutum ɗaya cikin uku, ya san gwaji ake yi, ya san ƴan mintoci ne, amma hannunsa ya riga shi. Wannan gurbin ne akwatin ya zo cikewa, kuma yana cike shi da kyau. Hannu ya kai ga murfi, ya tarar a kulle, ya dawo.

Abin da ake samu in an jure zaman kuwa, Thuy-vy Nguyen ce da Richard Ryan da Edward Deci suka fi fayyace shi, a binciken da suka yi a Jami'ar Rochester suka wallafa a 2018. Sun gano cewa minti 15 na zama kai kaɗai ba tare da na'ura ba yana sauke duk wani motsin rai mai zafi. Fargaba da fushi da rawar jiki suna raguwa, haka nan ɗoki da zumuɗi su ma suna raguwa. Wannan batu ne da masu tallar irin waɗannan kaya ba sa faɗa, kuma rashin saninsa ke sa mutane su jefar da akwatin a kwana na uku. Mutum ya kulle wayarsa yana jiran ya ji wani farin ciki ya lulluɓe shi, sai ya ji kamar an rage masa wuta, komai ya yi laushi, sai ya ɗauka abin bai yi aiki ba. Alhali wannan saukar ita ce aikin. Keɓewa tana kwantar da kai ne, ba ta tayar da kai. Sun kuma ga cewa wanda ya zauna yana karatu shi kaɗai ya sami irin wannan saukar kamar wanda ya zauna hannu rabbana. Don haka ba dole ba ne ka zuba wa bango ido. Littafi na takarda bai ɓata komai.

Sai babban sharaɗin, wanda a kansa hukuncina ya rataya. A gwajin su Nguyen na ƙarshe, inda mutane suka yi mako guda suna keɓewa minti 15 kullum, natsuwa da raguwar damuwa sun fi bayyana ga waɗanda suka yi zaman don ransu ya so. Wannan sakamako ya yi ta maimaituwa. A 2023 Netta Weinstein ta Jami'ar Reading a Ingila, tare da Nguyen da wasu, sun bi mutum 178 masu shekara 35 zuwa sama a Birtaniya da Amurka, suna rubuta yadda kowace rana ta kasance musu har kwana 21. Ba su sami wani adadin awoyi da za a ce shi ne daidai ga kowa ba. Ranar da mutum ya fi daɗewa shi kaɗai, yakan ji damuwarsa ta ragu, ya ji shi ke da iko da kansa, amma kuma yakan fi jin kaɗaici da ƙarancin gamsuwa da ranar. Wannan ɓangare mara daɗi yana raguwa, wani lokaci ya ɓace, in mutum da kansa ya zaɓi keɓewar.

To ga inda akwatin ke da fuska biyu. Lokacin da kake murɗa maɓallin, zaɓinka ne. Bayan daƙiƙa 5, ya zama dole. In ka sa minti 20, mutumin da ya kulle da mutumin da ke zaune duk ɗaya ne, niyyar ba ta huce ba, don haka zaman yana nan a matsayin abin da ka so. In ka sa awa 8 cikin zafin fushi da kanka saboda ka kwana kana latsa waya, to zuwa awa ta uku wanda ya yanke hukuncin ya tafi, ya bar wani yana zaman ɗaurin da bai amince da shi ba. Daga nan tunaninka duk ya koma kan allon murfin da sauran awoyin da suka rage. An fita daga keɓewa an shiga jira, kuma jira ba ya kwantar da hankali. Masu ƙera shi suna alfahari da cewa ba a iya buɗe shi, kuma gaskiya ne wannan ne ƙarfinsa. Thomas Schelling, masanin tattalin arzikin da ya ci lambar Nobel a 2005, ya yi rubutu sosai kan yadda mutum ke ɗaure kansa tun yana cikin hayyacinsa don ya tsare kansa daga abin da zai so daga baya. Dabarar tana da kyau ga abin da kake so ka guje wa, kamar sigari ko katin banki. Amma keɓewa abu ne da kake so ka shiga ka ji daɗinsa, kuma ba a tilasta wa rai jin daɗi. Shi ya sa nake ganin kwana 10 da agogon ke iya kaiwa ba shi da wani amfani ga mai wannan buƙata, har ma haɗari ne, kamar yadda za a gani.

Yadda ya kamata a yi amfani da shi, in an bi abin da binciken ya nuna, ba shi da wuya. A makon farko kada ka wuce minti 10 zuwa 15, sau ɗaya a rana, a lokaci guda da ka tsayar. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan wani abu mai tayar da rai, kamar dawowa daga aiki ko bayan doguwar hayaniya, tunda aikin keɓewa sauke zafi ne. In ka yi ta lokacin da jikinka ya riga ya mutu, ranka a dagule, za ta iya ƙara maka nauyi. Kafin ka saka wayar, kashe ƙararta da girgizarta duka, ko ka sa ta a yanayin jirgin sama. Wannan mataki ne da ake yawan mantawa, kuma shi ne ya fi ɓata zama: waya tana ruri a cikin mazubin roba, robar na ƙara amsa sautin, kai kuma ba ka da ikon ɗauka ko kashewa. Duba ma ko akwai ƙararrawar tashi da ka saita wadda za ta faɗo cikin lokacin, domin ita yanayin jirgin sama ba ya hana ta kaɗawa. Kifa wayar, fuskarta ƙasa. Sannan ka ɗauke akwatin gaba ɗaya ka kai shi wani ɗaki. Ka yanke tun farko abin da za ka yi da zaman: karatu, rubutu a takarda, kallon waje ta taga, ko wani abu guda mai daɗi da kake son ka yi tunani a kai. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a gwajin Rochester ba wa mutum damar zaɓen abin da zai yi tunani a kai, ko sa shi tunanin alheri, ya rage ɓangaren zaman mara daɗi. In mako ya wuce kana jin mintocin sun yi maka kaɗan, ƙara 5 ko 10. In kana ƙosawa kafin su cika, rage. Yawancin mutane ba su da buƙatar wuce awa ɗaya.

Batun kai shi wani ɗaki ya kawo mu ga zaɓen mazubi. Ana sayar da shi da mazubi mai garau da ake hango abin da ke ciki, da kuma fari wanda ba a gani. Ga mai neman keɓewa, farin ne. Mai garau ɗin yana barin hasken allon waya ya riƙa fizgar ido duk lokacin da saƙo ya shigo, kuma ganin abu kana kasa taɓa shi ya fi rashin ganinsa cin rai. A 2017 Adrian Ward na Jami'ar Texas da ke Austin da abokansa sun gwada mutum kusan 800, wasu wayarsu a kan tebur, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗaki, suka ga waɗanda wayarsu ke wani ɗaki sun fi yin ƙoƙari a gwajin riƙe abu a ka. Wasu da suka sake gwajin daga baya ba su sami wannan bambancin ba, don haka ba hujja ce da za a jingina da ita gaba ɗaya ba. Amma ɗaukar akwati zuwa ɗakin kusa bai ci maka komai ba, yana kuma raba ka da allon ƙirgar da ke kan murfi, wanda shi kansa abin kallo ne. Da masu ƙera shi sun sa hanyar kashe wannan allo yayin da yake kulle, da sun kyauta.

Girma uku ne: ƙarami, matsakaici da babba. Ƙaramin don waya aka yi shi, sai dai wayoyi sun yi ta ƙara tsawo tun bayan da aka zana shi. Auna tsawon wayarka da rigarta a jiki, ka gwada da ma'aunin cikin mazubin, ba na wajensa ba, kafin ka biya. Doguwar waya takan shiga matsakaicin a jingine, a karkace. Kada ka danna murfi da ƙarfi a kan wayar da ta ɗan leƙo, domin sakatar na buƙatar murfin ya zauna daidai a bakin mazubin kafin ta kama, in ba haka ba, sai ta fito a iska, akwatin ya nuna yana kulle alhali ɗaga shi kawai za a yi.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne na murɗa maɓalli. Allon yana nuna kwana da awa da minti a jere, maɓallin kuma yana gudu in an murɗa shi da sauri. Mai gaggawa zai iya nufin awa 2 ya sa kwana 2, kuma daƙiƙa 5 ba su da yawa ga wanda ya danna ya juya baya. Karanta allon sau biyu kafin ka danna, ka kuma tsaya a kansa har sakatar ta fito. A rana ta farko, gwada shi babu komai a ciki, da minti 1, sau biyu ko uku, har hannunka ya san nauyin maɓallin. A gidan da ke da yara, ajiye shi inda hannunsu ba ya kaiwa, tunda ana iya ƙara lokaci yana kulle, kuma yaro ba ya buƙatar fiye da murɗa ɗaya. In abin ya faru, ko wata larura ta taso, mafita ɗaya ce: fasa mazubin. Roba ce, za ta fashe, kuma ana sayar da mazubin shi kaɗai ba tare da murfi ba. In ta kama a fasa, a yi daga kusurwar da ke nesa da wayar, a rufa masa tsumma saboda tsinin roba. Kada a yi ta ƙoƙarin ɓanɓare murfin da wuƙa, domin injin da sakatar suna cikinsa, shi ne ɓangaren mai daraja. Wannan ma ya nuna cewa ba ma'ajiyar tsaro ba ce. Ba ya hana ɓarawo, mai shi kaɗai yake hanawa.

Batir kuma, sa sababbi masu kyau, ka canja su duka biyu tare. In suka mutu yana kulle, ba ya buɗewa don lokaci ya wuce, tunda agogon ya tsaya. Ajiye wasu biyu a kusa, a wajen akwatin. In za a daɗe ba a yi amfani da shi ba, a cire su don kada su zubar da ruwa su ci ƙarfen da suke taɓawa. Kada a kulle waya tana caji da batirin tafi-da-gidanka a ciki, kada kuma a bar akwatin a rana ko a cikin mota, domin rufaffen mazubi ne da iska ba ta ratsawa, batirin waya kuma ba ya son zafi, ga shi ba za ka iya ciro ta ba in ta ɗau zafin.

Akwai abin da ya fi duk wannan muhimmanci. Waya a yau ita ce hanyar kiran taimako, ita ke karɓar lambar tabbatarwa ta banki, wasu masu ciwon suga ma da ita suke duba na'urar da ke auna musu sugan jini. Wanda ke kula da mara lafiya ko tsoho ko jariri, wanda aikinsa na jiran kiran gaggawa ne, da wanda ke zaune shi kaɗai ba shi da wata hanyar kira, kada ya kulle wayarsa sai ya tanadi wata. Ƙaramar waya mai maɓallai wadda ba ta hawa intanet ta isa: a karkatar da kira zuwa gare ta kafin a kulle babbar. A lura cewa in an sa babbar a yanayin jirgin sama, sai an saita karkatarwar tun kafin nan. A gaya wa mutanen gida lokacin da za a yi zaman da tsawonsa, don kada shirun ya tayar musu da hankali, kuma don kada su yi ta ƙwanƙwasa ƙofa. Agogon hannu mai haɗe da waya ta Bluetooth zai ci gaba da kawo saƙonni ta cikin robar kamar ba a kulle komai ba, don haka a saka shi ciki shi ma. Kwamfuta da talabijin kuwa akwatin ba shi da iko a kansu.

A sa ran jin ƙaiƙayi a mintocin farko, musamman ga wanda ya saba da waya a hannu dare da rana. Nancy Cheever da Larry Rosen da abokansu a Kalifoniya sun gwada ɗalibai 163 a 2014: an karɓe wayar rabinsu, sauran aka ce su kashe su ɓoye. Masu yawan amfani da waya fargabarsu ta yi ta hawa yayin da lokaci ke tafiya, masu matsakaicin amfani kuma sai da aka karɓe wayar daga hannunsu fargabar ta hau, masu ƙarancin amfani ba su ji komai ba. Akwatin ya fi kama da karɓewa, wannan kuma wani dalili ne na farawa da gajeren lokaci. A ɗaya gefen, fargabar da ake yi kafin zaman takan fi zaman kansa muni. Aya Hatano da Kou Murayama da wasu sun wallafa gwaje-gwaje 6 a 2022, da ɗalibai 259 a Japan da Birtaniya, inda aka tambaye su yadda suke zaton za su ji in sun zauna jira har minti 20 babu abin yi, sannan aka sa su zaman. A kai a kai sun ji daɗinsa fiye da yadda suka zata. Ba wai sun ji daɗi na a zo a gani ba, matsakaici ne, wajen 3 zuwa 4 a ma'auni mai hawa 7. Amma wannan zato mara kyau shi ne ke sa mutum ya ɗauki waya tun kafin ya ba zaman dama, kuma a nan akwatin yake da amfanin da babu musu: yana tsallakar da kai mintocin da za ka gane zaton naka ya wuce gona da iri. Ko abin da ka ɗauki zaman da shi yana da tasiri. A wani gwaji na Micaela Rodriguez da abokanta a Jami'ar Harvard a 2020, waɗanda suka karanta bayani kan amfanin keɓewa kafin su zauna minti 10 su kaɗai, walwalarsu ba ta faɗi kamar ta sauran ba. Wanda ya ɗauki akwatin a matsayin horo ga kansa ya fara da ƙafar hagu.

Wa zai amfana da shi? Mutumin da ke cikin jama'a daga safe zuwa dare, a wurin aiki da gida, wanda ɗan lokacin da yake samu shi kaɗai waya ke cinyewa. Robert Coplan na Jami'ar Carleton a Kanada da abokansa sun bayyana irin wannan hali a 2019: damuwar da ke zuwa in mutum bai sami keɓewa gwargwadon yadda yake buƙata ba, kishiyar kaɗaici ke nan, kuma sun ga tana tafiya tare da ƙarin gajiyar rai. Irin wannan mutum sau da yawa bai ma san abin da ke damunsa ba, sai dai ya ga yana saurin hasala da waɗanda yake ƙauna. A babban binciken hutu da BBC ta shirya da masana a 2016, wanda mutum 18,000 daga ƙasashe 134 suka amsa, karatu ne ya zo na ɗaya cikin abubuwan da mutane suka ce sun fi hutar da su, zama kai kaɗai ya zo na uku, hira da abokai da dangi kuwa ba ta shiga goman farko ba. Ga mai wannan ƙishi, akwatin abu ne mai kyau, kuma ina ba da shawararsa ba tare da jan ƙafa ba.

Wanda ba zan ba shi shawararsa ba shi ne wanda tuni yake yini shi kaɗai ba da son ransa ba, wanda wayar ce zaren da ya haɗa shi da mutane. Nazarin da Julianne Holt-Lunstad ta jagoranta a 2015, wanda ya tattara bincike 70, ya danganta kaɗaici da ƙarin haɗarin mutuwa da kashi 26 cikin 100, rashin cuɗanya da mutane kuma da kashi 29. Haka nan wanda in ya yi shiru zuciyarsa ke shiga saƙa da warwara a kan laifinsa da gazawarsa, yana juya magana ɗaya ba ya kai ƙarshenta. Masaniyar halayyar ɗan Adam Susan Nolen-Hoeksema ta shafe shekaru tana nuna yadda irin wannan tunani ke tsawaita ciwon baƙin ciki. Mai fama da wannan, ko firgici mai zuwa farat ɗaya, ko tunanin cutar da kansa, ya ga likita tukuna, kada ya kulle hanyar da zai kira wani. Alama mai sauƙi ita ce a duba yadda ake ji bayan an buɗe: in bayan zama biyar ko shida kullum kana tashi da nauyin zuciya fiye da yadda ka zauna, ka dakata.

Iyaye sukan saye shi don ƴaƴansu matasa, kuma nan ma sharaɗin zaɓi yana aiki. Masanin halayyar ɗan Adam Reed Larson ya nuna a 1997 cewa matasan da ke samun matsakaicin lokaci su kaɗai sun fi daidaituwar hali a kan waɗanda ba sa samu ko kaɗan da waɗanda ke wuce kima. Amma in uba ne ya ƙwace wayar ya murɗa maɓallin, abin da yaron zai koya shi ne akwatin hukunci ne. Gara a bar shi ya sa lokacin da hannunsa, manya su ma su saka tasu wayar a ciki.

Idan aka gwada shi da abin da ba a saya ba, kamar aljihun tebur a wani ɗaki ko miƙa wa wani a gida ya riƙe, fifikonsa ɗaya ne: ba a roƙonsa, ba ya jin kunya, ba ya sassautawa. Manhajojin toshe waya suna barin ta a hannunka, kuma yawancinsu ana iya kashe su. Akwai wasu akwatunan kulle na wasu kamfanoni da ke da ƴar kafar ɗaga kira ko damar buɗewar gaggawa sau ƙalilan, waɗanda suka fi dacewa da mai jiran kira, ko da yake kowace kafa ƙofa ce ga hannun da ya saba. Kafin ka saya, gwada aljihun tebur na mako guda, minti 15 kullum, ka riƙa sa alama a takarda duk ranar da ka tashi ka ɗauko wayar kafin lokaci. In alamomin ba su wuce ɗaya ba, ba ka buƙatar akwatin. In sun kai uku ko fiye, sayi matsakaici mai farin mazubi, da batir huɗu, ka fara da minti 10.